Bishiyar wilo da jinyar ƙasar da ta sha guba: ina ganye da itacen za su tafi?

Duk wanda ya bi gaɓar kogin Kaduna ta wajen Kakuri da Nasarawa a tsakiyar rani zai ga lambuna kore shar, na alayyafo da latas da kabeji, injinan ban-ruwa suna ta ƙugi, mesa tana jan ruwa ko dai daga kogin ko daga magudanar da ta ratso unguwar masana'antu kafin ta faɗa cikinsa. A wannan yanki ne aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙu suka biyo baya har garin ya yi suna da atamfa, kuma shekara da shekaru ruwan rini da na wanke yadi yana bin waɗannan magudanai. Yawancin masaƙun sun rufe tun farkon shekarun 2000, injuna sun yi shiru, ciyawa ta cinye harabarsu, amma abin da ya riga ya nutse cikin laka da ƙasa bai tafi tare da ma'aikata ba. Haka abin yake a garejin kanikawa, inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa har ta daskare kamar kwalta, da wuraren da ake fasa tsofaffin batura, da bololin da ake cinna wa wuta kowace yamma.

A ƙasashen da suka riga mu shiga wannan matsala, ɗaya daga cikin dabarun da ake gwadawa ita ce a shuka bishiya a kan gurɓataccen fili, a bar saiwarta ta yi aikin da katafila da tifa za su yi da kuɗi mai yawa. Bishiyar da ta fi suna a wannan aiki ita ce wilo, wadda Larabawa ke kira safsaf, masana tsirrai kuma suke kiran danginta Salix. Da jin labarin, mutum zai ce an samu magani a ɓagas: a dasa itace, guba ta tafi, a samu inuwa. Gaskiyar al'amarin ta fi haka sarƙaƙiya, kuma wurin da ta fi sarƙewa shi ne daidai wurin da rayuwarmu ta bambanta da ta Turawan da suka ƙirƙiro dabarar.

Sai an fara rarrabe gubar kafin a yi maganar bishiya, domin abubuwan da ake haɗawa a kira su sinadarai masu naci ba halinsu ɗaya ba. Akwai ƙarafa masu nauyi irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam, waɗanda ba sa ruɓewa har abada, iyakar abin da za a iya yi musu shi ne a ɗauke su daga wani wuri a kai wani. Akwai kuma sinadaran da ɗan Adam ya haɗa da hannunsa, ya ɗaure su da kulorin yadda ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da abu a ƙasa suke shan wuya kafin su kwance su. Cikinsu akwai maganin ƙwari na DDT, da man PCB da aka riƙa zubawa a tsofaffin taransufoma, da lindan, wato Gamalin ɗin da wasu masunta suka riƙa barbaɗawa a ruwa don kifi ya taso. Waɗannan ba sa son ruwa, kitse suke bi, shi ya sa suke taruwa a jikin kifi, su wuce jikin mai cin kifin, har su fito a nonon uwa. Saboda su ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001, ta fara aiki a 2004 da jerin sinadarai 12, Nijeriya ma tana cikin waɗanda suka amince da ita, kuma yarjejeniyar ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urori masu PCB, 2028 kuma wa'adin kawar da man ta hanyar da ta dace. Mu ma mun ɗanɗana wannan tun 1988, lokacin da aka jibge dubban ganguna na sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya tilasta wa gwamnatin soja ta lokacin kafa dokar hana shigo da shara mai cutarwa.

Rukuni na uku shi ne wanda ya fi tayar wa duniya hankali a yanzu, wato dangin PFAS, sinadarai dubbai da ake sawa a kumfar kashe gobarar mai, da tukwanen da abinci ba ya kamawa, da yadin da ruwa ba ya jiƙawa. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da fulorin a jikinsu yana cikin mafi ƙarfi da aka sani a wannan fanni, don haka rana da ruwa da ƙwayoyin ƙasa duk ba sa iya karya shi. An sa biyu daga cikin wannan dangi cikin yarjejeniyar Stockholm: PFOS a 2009, PFOA kuma a 2019. Don a gane yadda ake tsoronsu, a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade cewa kada ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya wuce nanogiram 4 a litar ruwan sha, alhali nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Wuraren da aka fi samunsu a ƙasashen da suka yi awo su ne filayen jirgin sama, da sansanonin soja, da matatun mai, wato inda ake atisayen kashe gobara da kumfa. Kaduna tana da duka ukun, ga matatar mai da aka buɗe tun 1980, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin a ɗebi ƙasa da ruwan rijiyoyin da ke kewaye a kai ɗakin gwaji.

Wilo ta samu wannan aiki ne saboda wasu halaye nata da ba kasafai suke haɗuwa a itace ɗaya ba. Ba a buƙatar iri: ana yanka reshe mai tsawon kusan santimita 20 a soka a ƙasa mai laima, kamar yadda muke yi da karan rogo, sai ya yi saiwa ya tofo. Tana girma da sauri, tana jure wa ƙasar da ruwa ya kwanta, in an sare ta daga gindi kuma sai ta sake fitowa da rassa da yawa. A Suwidin, inda aka fi ƙwarewa a nomanta, ana dasa dubban sanduna a hekta ɗaya, a girbe su da inji duk bayan shekara uku ko huɗu, gona ɗaya ta yi shekara ashirin ko fiye tana bayarwa. A garin Enköping an yi gonar wilo ta gomman hektoci ana ba ta ruwan dattin da ya fito daga matatar ruwan garin, itacen kuma a kai shi tashar da ke samar da lantarki da ɗumin gidaje. (Daga ɓawon wannan bishiyar ne ma aka fara samo sinadarin da ya zama tushen asfirin, don haka ta daɗe tana yi wa mutane magani kafin a ce ta yi wa ƙasa.)

Babban abin da take yi shi ne shan ruwa. Bishiya famfo ce mai aiki da rana: ganye yana fitar da ruwa zuwa iska, saiwa tana jawo wani daga ƙasa, duk abin da ya narke a cikin ruwan kuma yana iya biyo shi ya haura. Ruwan ya tafi, abin da ya ɗauko ya zauna a ganye da ɓawo da itace. Ta haka ne wilo take tara kadmiyam da tutiya fiye da yawancin itatuwa, kuma ta haka ne take ɗaukar PFAS masu gajeren jiki, waɗanda suke narkewa a ruwa cikin sauƙi. Wannan shan ruwa yana da wani amfani da ba a cika ambata ba, alhali a ganina ya fi kowanne tabbas: idan bishiyoyi suka shanye ruwan sama kafin ya tsiyaye ƙasa, gubar ba za ta samu abin hawa zuwa rijiyoyin maƙwabta ba, saiwa da ganyen da ya rufe ƙasa kuma suna hana iska kwashe ƙura, suna hana ruwa zaizaye laka zuwa kogi. Guba tana nan, amma an ɗaure ta wuri ɗaya.

Da DDT da PCB kuwa labarin ya sha bamban. Tunda ba sa narkewa a ruwa, manne wa ƙasa da bayan saiwa suke yi, abin da ke haurawa ganye kaɗan ne ƙwarai. Aikin da ake fata a nan na ƙwayoyin bakteriya da na funfuna ne da ke zaune a kewayen saiwa. Saiwa tana tsatsar da sukari da wasu sinadarai, tana buɗa ƙasa iska ta shiga, sai waɗannan ƙwayoyi su yawaita, wasunsu kuma suna iya gutsurar sinadarin a hankali. Ga baƙin mai da ɗanyen mai wannan hanya tana aiki sosai, domin mai abinci ne ga ƙwayoyi da dama. Ga PCB mai kulorin da yawa tafiyar ta hawainiya ce, DDT kuma sau da yawa rikiɗa yake yi ya koma wani sinadari, DDE, wanda shi ma naci gare shi. Wani abu da ya kamata masu lambu su sani shi ne, bincike ya daɗe da nuna cewa wasu nau'o'in kabewa sun fita daban, suna iya jawo irin waɗannan sinadarai daga ƙasa su kai su jikinsu fiye da sauran tsirrai, don haka kabewar da ta yi yaɗo a kan tsohuwar bola ko kusa da wurin da man taransufoma ya zube ba abin sha'awa ba ce komai girmanta. Dalma kuma, wadda ita ce ta fi yi mana ɓarna a Arewa, tana maƙalewa a ƙasa da saiwa, wilo ba ta iya kwashe ta. Shi ya sa a Zamfara, bayan gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 daga 2010, abin da aka yi a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega shi ne kankare saman ƙasar gidaje, a binne ta a rami na musamman, a zuba sabuwa. Inda yara suke rarrafe a kan guba yau, babu mai jiran itace ya girma.

Maganar jira ita ce ake yawan tsallakewa, kuma ɗan lissafi zai nuna nauyinta. Hekta ɗaya, idan aka ɗauki saman ƙasarta zurfin santimita 20, ta kai kimanin tan 3,000. A ɗauka, don misali kawai, cewa kowane kilo na ƙasar yana ɗauke da miligiram 2 na kadmiyam: jimla kilo 6 ke nan a hektar. A sake ɗauka cewa gonar tana ba da busasshen itace tan 10 a shekara, kowane kilo nasa ya tara miligiram 10, sai a ga abin da ake fitarwa a shekara giram 100 ne, wato sai an yi shekara 30 kafin a rage rabin gubar, wannan ma idan ba a yi fari ba, gobara ba ta tashi ba, kuma ba a ci gaba da zuba wata sabuwa ba. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, in ji masu iya magana, tsalle dubu ba ya fitar da shi. Saboda haka dabarar ta fi dacewa da fili mai faɗi wanda gurɓatarsa ba ta yi tsanani ba kuma ba ta yi zurfi ba, domin yawancin saiwar wilo ba ta wuce saman ƙasa da nisa, in guba ta yi yawa kuma bishiyar kanta ba za ta rayu ba. Ko rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan yankin Ogoni a 2011, wanda ya yi maganar aiki da injuna da kuɗi masu yawa, cewa ya yi farfaɗo da yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A garin da filaye suke tsada kamar Kaduna, inda ake yanka fuloti a kan tsohuwar bola kafin hayaƙinta ya gama tashi, samun wanda zai killace hekta goma na shekara talatin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma tambayar ko wilo za ta yi a nan. Ire-iren da aka inganta a Turai na ƙasar sanyi ne, sun saba da barcin hunturu da laima mai ɗorewa. Kaduna tana samun ruwan sama mai kyau, fiye da milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka yana sauka ne tsakanin Afrilu da Oktoba, sannan a yi wata biyar ana fama da iskar hunturu da zafin bazara, ga gara da ba ta raga wa sandar da aka soka a ƙasa. Akwai dangin wilo na Afirka da ke tsirowa a gaɓar koguna daga Masar da Habasha har Afirka ta Kudu, kuma idan za a yi gwaji, da su ya kamata a fara, a bakin magudanai da fadamu inda laima ba ta yankewa. Shigo da baƙon iri yana da nasa haɗarin, domin a Ostireliya yawancin nau'o'in wilo sun zama annoba, suna toshe rafuka, har gwamnati ta sa su cikin jerin muggan ciyayi. Wanda ya ga abin da kachalla ta yi wa dausayin Haɗeja da Nguru ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da ya kamata a ɗauko daga Turai shi ne dabarar, ita kuwa ba ta rataya ga wilo kaɗai ba. Muna da jema, wadda ake saƙa zana da malafa da ita, 'yar'uwar ciyawar da ake amfani da ita a ƙasashe da dama wajen riƙe gaɓa da tace ruwan datti saboda saiwarta mai nitsewa ƙasa da zurfi. Muna da itacen turare, wanda aka daɗe ana shukawa a gandun dajin Afaka, mai shan ruwa da tofowa bayan sara kamar wilo. Akwai gora, akwai zurma da bini-da-zugu waɗanda dabbobi ba su cika kusanta ba. Wanne ne zai ɗauki wace guba a ƙasar Kakuri ko ta Kudenda, wannan aikin awo ne, kuma masu iya yin sa suna kusa: kwalejin gandun daji ta Afaka, da cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello.

Amma ko an samu itacen da ya dace, ko an samu fili da haƙuri, akwai abin da zai iya mayar da aikin gaba ɗaya ya zama cuta, shi ne makomar ganye da itacen. Bishiyar da ta yi aikinta da kyau ta zama ma'ajiyar guba. Ganyenta ya fi itacenta tara kadmiyam da PFAS, in an bar shi ya kaɗe ya ruɓe a gindi, abin da aka jawo daga ƙasa ya koma saman ƙasa, inda kaji suke tono, yara suke wasa. A Suwidin itacen yana zuwa tukunyar tashar wuta mai matatar hayaƙi, kadmiyam yana taruwa a tokar da ke tashi, a kama ta a ware ta daban. PFAS kuwa sai wutar da ta haura digiri 1,000 ake sa ran za ta karya shi, zafin da murhun gida da tandar gidan burodi ba sa zuwa ko kusa da shi. Ƙona abu mai kulorin a wuta mara ƙarfi kuma yana iya haifar da wani mugun sinadari mai suna dayoksin, wanda shi ma yana cikin sinadarai 12 na farko da yarjejeniyar Stockholm ta lissafa.

A ɗora wannan a kan rayuwarmu. A watan Maris, lokacin da ciyawa ta ƙare, makiyayi yana hawa bishiya da adda ya sassabo wa shanunsa ganye, kuma kurmi kore a tsakiyar rani kira ne gare shi wanda shingen waya ba zai hana ba. Masu kiwon tumaki a cikin gari suna sayen ganye ɗauri-ɗauri don ragon layya. Mata da yara suna tsintar ƙirare, masu ƙosai da masu tsire da gidajen burodi suna sayen itace ba tare da tambayar inda aka saro shi ba, masu gawayi kuma ba sa barin kututture. Tokar ma ba a zubar da ita: ana kai ta gona, wasu su tace ruwanta su sa a miya ko su yi sabulu. Ta kowace ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, gubar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wadda wataƙila ba ta kai ga bakin kowa ba, za ta samu tsani ta hau zuwa nono da hanta da ƙodar dabba, daga nan ta shiga tukunya. Kadmiyam ƙoda yake ci, yana raunana ƙashi, kuma yana shekaru da yawa a jiki kafin ya ragu. Garin neman ƙiba sai a samo rama.

Rama ta gaske ma ta shigo cikin maganar, domin ita da alayyafo suna cikin tsirran da ke saurin ɗaukar ƙarafa daga ƙasa, har wasu masu bincike suna ba da shawarar a yi aikin tsabtace ƙasa da su. A takarda shawarar tana da kyau. A Kaduna kuwa, gonar rama da ba za a ci ba abu ne da zai yi wuyar bayani ga mai gadi, balle ga wanda ya zo wucewa da yunwa. Don haka nake ganin ma'aunin zaɓen shuka a nan dole ya juya: a fifita wadda mutum ba ya ci, dabba ba ta so, ko da ba ta kai wata saurin ɗaukar guba ba, kuma a fifita aikin ɗaure guba wuri ɗaya a kan aikin jawo ta sama, sai fa inda aka riga aka tanadi wurin ƙona girbin ko binne shi.

Wannan tanadi aikin hukuma ne, da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, da hukumar kare muhalli ta jiha, tare da masu filayen. Tsarin da hankali zai karɓa shi ne a fara da awon ƙasa da ruwa a san wace guba ce, nawa ce, kuma zurfinta nawa; inda ta yi kauri, kamar gindin tsohuwar taransufoma ko wurin fasa batir, a kwashe ƙasar da shebur a killace ta; sauran filin mai sauƙin gurɓata shi ne na bishiya. Kafin a soka sanda ta farko, a rubuta wanda zai share ganye, da wanda zai sare itace, da motar da za ta ɗauka, da inda za ta sauke. Masana'antun siminti suna da tanda mai zafin da ya haura digiri 1,400, kuma a wasu ƙasashe da irinta ake ƙona sharar sinadarai, amma irin waɗannan masana'antu suna wurare kamar Ashaka da Sakkwato da Obajana, tafiyar ɗaruruwan kilomita da kuɗin dizal ɗinta sai an sa shi cikin lissafi tun farko. Masu lambun da ke bakin magudanar kuma, waɗanda da wannan ruwan suke ciyar da iyalansu, sai an zauna da su da mai unguwa da shugabannin makiyaya an nuna musu sakamakon awon, an kuma samar musu ruwan ban-ruwa na daban, domin shingen jema a bakin rafi ba zai hana mesa tsallake shi ba.